Igiya Ta Tsinke, Suna Yana Kan Takarda: Makomar Gidan Haɗaka Bayan Mutuwar Aure

Saki yana warware igiyar aure, amma ba ya goge suna daga takardar gida, ba ya kuma sauke bashi daga wuyan wanda ya sa hannu aka ci. Ma'auratan da suka mallaki gida tare ƙulli uku ne ya haɗa su: na aure, wanda kalmar miji ko hukuncin alƙali ke kwancewa, na mallaka, wanda ba ya kwancewa sai da ciniki ko kyauta ko rabo, tare da rajistar hukumar filaye, da na bashi, idan an jinginar da gidan, wanda ba mai iya kwance shi sai wanda ke bin kuɗin. Mafi yawan rigingimun da ke tasowa shekaru bayan rabuwa suna da tushe ɗaya, wato zaton cewa da an kwance ƙullin farko sauran biyun sun kwance da kansu.

A tsarin da aka gada a ƙasar Hausa tambayar ba ta cika tasowa ba, domin muhalli wajibin miji ne, mace kuwa takan tare a gidansa ko a sashen da aka yanka masa a gidan gandu, idan zama ya ƙare ta kwashe kayan ɗakinta ta koma gidan iyayenta. Abin da ya sauya shi ne hannun mata ya shiga ginin. Malamar makaranta da ma'aikaciyar asibiti da 'yar kasuwa suna kwasar adashi su sayi bulo, suna sayar da gwal ɗinsu a yi rufi, wata kuma filin da ta gada daga mahaifinta ne mijin ya gina a kai. Daga nan matsalar ta kasu gida biyu. Akwai wadda sunanta ke kan takarda tare da na mijin, ana neman hanyar cire ɗaya daga cikinsu, akwai kuma wadda kuɗinta ke cikin bango amma sunanta bai hau ko'ina ba, kuma wannan ta biyun ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Arewacin Nijeriya ke hukunci da shi ta littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, bai san wani abu mai suna dukiyar aure ba. Kowane ɗaya daga cikin ma'aurata yana da zimmarsa, wato matsayinsa na mai mallaka da mai ɗaukar bashi shi kaɗai, don haka aure ba ya cakuɗa dukiyarsu, saki kuma ba ya kasafta ta. Abin da mace ta mallaka kafin saki nata ne bayansa, na miji ma haka. Wurin da mutane suka fi ruɗewa shi ne zaman idda. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da matar da aka saka daga ɗakinta, kuma Malikiyya sun tabbatar mata da haƙƙin mazauni har ta gama idda, ko sakin mai kome ne ko ba'ini, ko da yake ciyarwa ta taƙaita ga mai sakin kome da mai juna biyu. Sai dai wannan haƙƙi ne na zama, yana ƙarewa da tsarki uku ko wata uku ko haihuwa, ba ya mayar da ita mai gida, kamar yadda ƙarewarsa ba ta rage mata ko taku ɗaya daga kason da ta riga ta mallaka. Haka nan wajibin da ke kan uba na samar wa 'ya'yansa wurin kwana yayin da suke hannun uwarsu haƙƙin yaran ne, kuma ana iya sauke shi da gidan haya.

Tunda haka ne, tambayar farko a gaban alƙali ita ce wa ya mallaki me, kuma amsarta tana rataye a kan hujja. Ƙa'ida ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa, a sha'anin dukiya kuwa ana karɓar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Matar da ta ce ita ta yi rufin gidan dole ta nuna abu biyu: cewa kuɗin ya fito daga hannunta, da kuma da wace fuska ta bayar da shi. Idan rance ne, kuɗinta kawai take bi, ko da darajar gidan ta ninka sau goma; idan haɗin gwiwa ne, tana da kaso a gidan kansa, kason kuma yana hawa da hawan farashi; idan kyauta ce, ta wuce. Ma'aurata ba su saba faɗin wannan a lokacin da ake miƙa kuɗin ba, domin kunya da kara suna hana mace ta ce wa mijinta a kira shaidu, amma kotu ba ta hukunci da kara. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta nuna tsananin wannan ma'auni a shari'ar Amadi da Nwosu ta 1992, wadda ta shafi auren gargajiya a kudancin ƙasar, inda matar ta ce ta ba da gudummawa wajen ginin gidan da mijinta ya sayar, kotun kuma ta ƙi da'awarta saboda ba ta fayyace yawan abin da ta zuba ba. Rasit ɗin mai siminti, da bayanin asusun banki mai nuna ranar da aka tura kuɗi, da shaidar magini ko uwar adashi, sun fi dogon bayanin wahalar da aka sha nauyi a ma'aunin alƙali.

Akwai wata mas'ala a babin kyauta da ta cancanci a daɗe a kanta, domin tana yawan faruwa kuma kaɗan ne suka san hukuncinta. Miji yakan ce wa matarsa, a lokacin da zama ke da daɗi, ya ba ta gidan nan halak malak, su ci gaba da zama a ciki kamar yadda suka saba. A mazhabar Malikiyya kyauta tana ƙulluwa da furuci, amma ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa, mai bayarwa kuma ya janye nasa. Khalil ya bambanta tsakanin fuska biyu: idan mace ce ta ba mijinta gidan da suke zaune a ciki, kyautar ta kammala ko da ba ta fita ba, domin zaman gidan a shari'a ana jingina shi ga miji, idan kuwa miji ne ya ba matarsa gidan kuma ya ci gaba da zama a ciki, hauzi bai samu ba. Sakamakon wannan yana da nauyi ta ɓangarorin biyu. Muddin mijin yana raye, yana da lafiya, bashi kuma bai cinye dukiyarsa ba, matar tana da ikon ta nemi alƙali ya tilasta masa ya miƙa mata gidan, kuma saki bai ba shi damar janye kyautar ba, tunda janye kyauta haƙƙi ne da aka keɓe wa uba da uwa a kan 'ya'yansu bisa sharuɗɗa. Amma idan ya rasu ko ya tsiyace kafin ta karɓa, kyautar ta ɓaci, gidan ya koma cikin gado ko hannun masu bin bashi. Matar da ke da irin wannan alkawari, jinkiri shi ne babban abokin gabarta.

Ba dukan ƙasashen Malikiyya ne suka tsaya a kan rasit ba. A Maroko, dokar iyali ta 2004 ta tabbatar a sashe na 49 cewa dukiyar kowanne daban take, amma ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya, dabam da takardar aure, kan yadda za a raba abin da aka samu a zaman tare, ta kuma umarci alƙali, idan babu yarjejeniyar, ya duba aikin kowannensu da ƙoƙarin da ya yi wajen bunƙasa dukiyar iyali. Wannan yana da tushe a al'adar yankin Sus da fatawar Ibn Ardun, malamin ƙarni na 16, wanda ya ba matan karkara kaso a amfanin da suka yi wa wahala. Matar da ta shekara ashirin tana sana'ar cikin gida tana ɗauke wa miji kuɗin cefane, har ya samu sararin yin gini, ba ta da rasit ko ɗaya, kuma ra'ayin da ke cewa ba ta da komai a gidan ra'ayi ne da malaman ƙasar Hausa ya kamata su sake dubawa da kayan aikin mazhabarsu.

Idan an tabbatar cewa gidan na mutum biyu ne, sunansa a fiƙihu musha'i, ma'ana dukiyar da kowane mai tarayya ke da kaso a kowane lungu nata ba tare da an shata iyaka ba. Fita daga wannan hali na iya zama ta rabo, idan gidan zai rabu kowa ya amfana da kasonsa, kamar gida mai sassa biyu da za a iya ja wa katanga a fasa wa kowanne ƙofa, ko dai da yardar juna ko ta ƙuri'a bayan an daidaita kima. Gidan zamani mai falo ɗaya da ɗakin girki ɗaya ba ya rabuwa haka, kuma a nan hukuncin shi ne idan ɗaya ya nemi a sayar, sayar da kasonsa shi kaɗai kuma zai karya masa farashi, ana tilasta wa ɗayan a sayar gaba ɗaya, amma wanda ba ya son sayarwar yana da fifikon ya riƙe gidan a farashin da ya tsaya. Idan kuma ɗaya ya yi gaban kansa ya sayar wa baƙo kasonsa, abokin tarayyar yana da shuf'a, wato ikon karɓe kason daga hannun mai saye a kan kuɗin da ya biya, haƙƙin da ke faɗuwa idan ya sani, yana gari, ya yi shiru kimanin shekara.

Hanyar da aka fi bi ita ce ɗaya ya fanshi kason ɗayan, kuma lissafinta yana da sauƙi idan an yarda da kima. A ƙaddara ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje ya yi wa gida kuɗi naira miliyan 30, ana bin sa bashin miliyan 10, ma'auratan kuma rabi da rabi suka mallaka. Abin da suka mallaka a haƙiƙa miliyan 20 ne, don haka wanda zai zauna zai biya mai fita miliyan 10, ya kuma ɗauki ragowar bashin shi kaɗai. Ya fi kyau su haɗu a kan mai ƙiyasi ɗaya mai rajista, domin dillalin unguwa yakan faɗi farashin da zai yi wa wanda ya kira shi daɗi. Wani lokaci kason gidan yakan shiga cikin khul'i, wato mace ta fanshi kanta da dukiya, kuma hakan ya halatta, sai dai Malikiyya sun ce idan ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tura ta ga fansar, sakin ya tabbata kuma za a mayar mata da abin da ta bayar.

Duk wannan bai kai ga cire suna ba tukuna, domin a Nijeriya ƙasa tana da dokarta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, kuma sashe na 315 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare ta, ta ɗora dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mai gida ke riƙe da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, wanda takardar shaidar da ake kira C of O ke tabbatarwa. Sashe na 22 ya hana mai wannan haƙƙi ya sayar ko ya jinginar ko ya miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa dokar ba ɓatacce ne. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da wannan amincewa ba, ta kuma ce sharaɗin ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin 1978. Miƙa kaso daga tsohuwar mata zuwa tsohon miji, ko akasin haka, miƙawa ce kamar kowace. Lauya zai rubuta takardar miƙa haƙƙi mai bayyana gidan da kason da kuɗin da aka biya, su biyun su sa hannu gaban shaidu, a biya harajin hatimi da bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, a nemi amincewar gwamna, ko ta ministan Babban Birnin Tarayya idan a Abuja ne, sannan a yi rajista a hukumar filaye, kamar AGIS a Abuja ko KADGIS a Kaduna ko KANGIS a Kano. Kafin rajistar nan, duk wanda ya je bincike sunaye biyu zai gani, kuma ba mai saye ko banki mai hankali da zai karɓi sa hannun mutum ɗaya.

Gidaje da yawa a unguwannin da aka yanka ba da tsarin hukuma ba, waɗanda ake kira awon igiya, ba su da wannan takarda. Abin da ke hannu shi ne takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu, wani lokaci da hatimin dagaci ko hakimi. A nan cire suna yana nufin sabuwar takarda da ta ambaci tsohuwar, ta ce wance ta sayar wa wane kasonta a kan kaza kuma ta karɓa, gaban waɗanda suka san asalin cinikin. Yage tsohuwar takarda ko goge suna da biro ba ya cire kowa, illa ma ya jawo zargin jabu. Akwai kuma rubutun da ke haifar da fitina tun daga farko, irin wanda ake cewa gidan na Alhaji wane ne da maiɗakinsa, ba tare da an rubuta cikakken sunanta ba. A gidan da ake da mata biyu ko uku, ko aka saki wata aka auro wata, kalmar tana iya hawa kan kowace, kuma alƙali zai koma neman wadda ake nufi a ranar da aka rubuta.

Kotun da za a je ma tana da muhimmanci. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun jiha shari'o'in da suka shafi haƙƙin zama da gwamna ya bayar, yayin da sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da saki da kyauta da waƙafi da wasiyya da gado. Ƙarar da aka shigar a inda ba hurumi takan rushe bayan shekaru, a koma farko. Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, kamar Kiristoci da yawa, suna ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda sashenta na 72 ya ba Babbar Kotu ikon ta umarci a miƙa dukiya daga ɗaya zuwa ɗayan bisa abin da ta ga ya dace da adalci, ikon da alƙalin shari'ar Musulunci ba shi da irinsa, tunda shi aikinsa gano mai abu ne ya ba shi abinsa.

Ƙulli na uku, wato bashi, an fi ganin haɗarinsa a ƙasashen da kusan kowane gida da rancen banki ake sayensa. A Amurka, inda jihohi tara, ciki har da Kalifoniya da Texas, ke ɗaukar abin da aka samu a zaman aure a matsayin na mutum biyu, ana cire suna da gajeriyar takardar janye hannu, wadda mai fita ke cewa ya sallama duk haƙƙin da yake da shi a gidan. Takardar tana fitar da shi daga mallaka, amma ba ta fitar da shi daga bashi, domin bankin bai sa hannu a kanta ba, kuma hukuncin saki bai ɗaure bankin ba. Wanda ya yi gaggawar sa hannu yakan wayi gari ba shi da gida amma yana da bashin gida, idan tsohon abokin zamansa ya daina biya shi za a bi. Wata dokar tarayya ta 1982, mai ɗauke da sunayen Garn da St Germain, ta hana banki ya nemi a biya shi dukan kuɗinsa nan take don kawai gida ya koma hannun ɗaya daga cikin ma'aurata saboda saki, amma ba ta wanke mai fita ba. Mafita ita ce wanda zai zauna ya ci sabon bashi da sunansa shi kaɗai ya biya tsohon, ko bankin ya rubuta cewa ya saki ɗayan, ko a sayar da gidan. Fiƙihu ya riga ya faɗi haka a babin hawala, wato mayar da bashi daga wuyan wani zuwa na wani, inda ya shar'anta yardar mai bin bashin. A Nijeriya wannan ya shafi ma'aikatan da suka ci rancen Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, kuma Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke gudanarwa. Asalin takardar gidan tana wurin mai ba da rancen, kuma ba a miƙa kaso sai da saninsa.

Saura haɗarin mutuwa a tsakiyar hanya. A Ingila, ma'auratan da suka riƙe gida da nau'in tarayyar da wanda ya rage a raye ke cinye duka, saki kaɗai ba ya sauya wannan tsari, sai ɗayansu ya aika wa ɗayan rubutacciyar sanarwar raba tarayya kamar yadda dokar dukiya ta 1925 ta tanada, in ba haka ba tsohon miji na iya cinye gidan gaba ɗaya, 'yan'uwan mamaciya suna kallo. Hausawan da suka sayi gida a Landan ko Manchester da sunaye biyu a irin wannan tarayya suna ƙarƙashin wannan hukunci, ko da aurensu a masallaci aka ɗaura shi. A gida Nijeriya haɗarin yana da wata kama: idan mai kaso ya rasu kafin a kammala miƙawa, kasonsa ya zama gado, wanda ya rage sai ya samu kansa yana ciniki da magada goma maimakon mutum ɗaya, cikinsu har da marayun da ba a sayar da kasonsu sai da izinin alƙali. Idan kuma rasuwar ta faru cikin iddar sakin kome, su biyun suna gadon juna, lissafin ya sake sauyawa. Saboda haka lauyoyi kan tsara a yi biyan kuɗi da sa hannu da karɓar takardar sakin banki a zama ɗaya, a shigar da neman amincewar gwamna a makon, kuma wanda ke tsoron a sayar da gidan a bayan idonsa ya kai rubutaccen gargaɗi hukumar filaye a liƙa a fayil ɗin gidan, ko ya nemi kotu ta dakatar da duk wani ciniki har a gama shari'a.